Sirdin Yana Kan Alamarki

Zuwa ga sanyin idona, hasken ɗakina, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan sanyi a bakin mai ƙishi, matata, abokiyar faɗana, wadda ta haɗa nutsuwata da kayanta a jaka ɗaya ta tafi da su,

Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da ya kasa zaune ya kasa tsaye. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da kika tafi gwajin aiki a sabon reshen kantin magani na wancan garin, kika sauka gidan Yaya, babbar 'yar'uwarki, kika bar ni da ɗaki biyu da madubi da ƙugiyar da kike rataye farar rigar aikinki. Ƙugiyar nan ta zame min masifa. Duk shigowar da zan yi sai na kalle ta, sai ka ce rigar za ta tsiro a jikinta da kanta. In na zauna a kujera, kujerar ta ƙi ni. In na fita baranda, barandar ta koro ni. Na buɗe shago, na rufe, na sake buɗewa. Wayyo ni! Ashe haka gida yake ƙara faɗi idan mutum ɗaya tak ya fita daga cikinsa?

Na san ranar Litinin za ki sa hannu a takardarsu ta kama aiki, ko ki ƙi. Idan kin sa, kin zama ta can, sai dai in riƙa ganinki kamar jinjirin wata, sau ɗaya a wata, ki leƙo ki ɓuya. Idan kin ƙi, mai tsohon kantinku ta ce gurbinki yana nan har zuwa ranar, ba za ta ƙara ko yini ɗaya ba. Yau kuwa Alhamis. Shi ya sa ban kira ki a waya ba, don kin san halina a waya: in fara magana, in janye rabinta, in ƙare da tambayar lafiyar Yaya. Takarda ba ta janyewa. Direban motar da ke kai muku magani zai miƙa miki ita gobe da safe, kuma na roƙe shi ya sa ta a hannunki. Kada ya kuskura ya ba Yaya, don in ta karanta, sai jikokinta sun ji labarin.

Ya furen da ya buɗe a bakin tagata, kin tuna ranar nan a shekarar farko ta aurenmu, da aka ɗauke ruwan sama da la'asar, malamin makarantar nan maƙwabcinmu ya jingine kekensa a bayan gini? Kika dube shi, kika dube ni, kika ce in je in aro miki. Na zaci wasa kike. Kika cire takalmanki kika ɗora min a hannu, kika ɗaure mayafi a ƙugu, sai gani na yi kin haye. Zagaye uku kika yi wa tankin ruwa, tayoyi na fasa kududdufi, ni ina tsaye da takalma a hannu ina ta faɗin a hankali, a hankali, kamar tsohuwa. Dariyarki ta tashi tsuntsayen da ke kan wayar lantarki. Da kika sauko kina haki, kika ce Baba ne ya koya miki kina 'yar shekara tara, a babban kekensa, kina zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya don ba ki kai sirdi ba. Ban taɓa ganin fuskarki ta yi haske irin na ranar ba. Me ya sa, don Allah, na ajiye wannan hoton a raina shekara huɗu ban yi komai da shi ba?

Sai ga shi wata uku da suka wuce aka sauya hanyar bas, ta daina bi ta titinmu. Kika koma tafiyar ƙafa, minti arba'in da biyar zuwa, minti arba'in da biyar dawowa, ga tsayuwar wuni a bayan kanta kina ƙirga wa mutane ƙwayar magani. Ina kallo kike shigowa, ki zare takalmi da ƙyar, ki tsoma ƙafafun nan naki a robar ruwan ɗumi, sun kumbura sun yi suntum. Ranar da abin ya ishe ki kika ce: “Mai Sikeli, saya mana keke ɗaya mana, mai sauƙi, daidai aljihunmu. Ni in je aiki da shi da safe, in na dawo ƙarfe uku kai ka kai wa mutane sikelinsu.” Magana ƙarama! Da wani mijin ne, da washegari keke na ƙofar gida.

Amma ke mai gyaran sikeli kika aura. Tun ina saurayi aikina ɗaya ne, in tsayar da allura a tsakiya, kada ta karkata hagu, kada ta karkata dama. Hannuna ya saba, ashe zuciyata ma ta saba ban sani ba. Na shiga shagunan keke kamar mai neman aure. Wannan giyarsa ashirin da ɗaya, wancan bakwai. Wannan birkinsa faifai, wancan robar da ke kama bakin wili. Wannan tayarsa siririya kamar bulala, yana gudu amma ba ya son rami. Wancan tayarsa ƙatuwa mai haƙora, ba ya tsoron rami amma sai ka yi gumi. Wannan sabo ne amma ƙarfensa nauyi, wancan na hannu ne amma ba a san abin da ya gani a duniya ba. Har sikelina na ratayewa nake tafiya da shi, in saƙala keke a ƙugiya in ɗaga, masu shago na kallona suna ƙunshe dariya. In dawo gida in zauna ina yi miki bayanin bambancin kilo ɗaya da rabi, ke kuma ƙafarki na cikin ruwan ɗumi. Kai, tir da ni! Wata uku cur ina auna ƙarfe, ban auna kumburin ƙafarki ba.

Da maganar sabon reshe ta zo, kina tsaye a bakin gado kina ninke kaya, kika ce min: “Ka ce in tsaya, in tsaya. Ka ce in tafi, in tafi.” Ni kuma, Allah ya yafe min, na ce duk yadda kika ga ya fi. Hannunki ya tsaya a kan rigar da kike ninkewa. Ba ki ɗaga murya ba, da ma kin ɗaga da ya fi min sauƙi. Kika ce: “Kai dai ruwa biyu ne. Ba ka nan, ba ka can. Mutumin da ya kasa zaɓar keke a wata uku, ina zai iya buɗe baki ya ce yana son matarsa ta zauna?” Wallahi, masoyiyata, a lokacin na zaci girmama ki nake yi, na zaci barin ki da zaɓinki shi ne so. Sai da motarku ta tashi na gane cewa kaya na ɗora miki ke kaɗai, na koma gefe ina kallon allura.

Ranar Litinin da ta wuce na kasa taɓa komai a shago. Mai nama ya kawo sikelinsa, na kwance shi, na rasa inda na ajiye sukurori. Na ja ƙofa na nufi shagon tsohon nan mai keke na bayan tasha, wanda kekuna ke rataye a rufinsa kamar jemagu, ko'ina warin roba da man giris. Yana hango ni ya ajiye sifana ya ce: “Lale da Malam Sikeli! Yau kuma wanne za ka rataya min? Saura ni kaɗai ba ka auna ba a shagon nan.” Kafin in ba shi amsa ya karɓe sikelin daga hannuna, ya jefa ƙarƙashin benci, ya zauna a kai. Ya ce tambaya uku zai yi min, in na wuce kalma biyar a kowace, in fita masa daga shago.

Ina za a je da keken? Na ce kantin magani da kasuwa. Akwai hawa a hanyar? Na ce babu ko ɗaya. Wa zai hau? Sai a nan na farga. Wata uku ina zuwa wurin bawan Allahn nan, na tambaye shi sarƙa, na tambaye shi feda, na tambaye shi ƙasar da aka ƙera kowane ƙusa, ban taɓa gaya masa don wa nake nema ba. Na ce matata. Ya kalle ni tun daga hula har takalmi ya ce: “To ina take?” Na ce ta tafi. Ya ce: “Da ni ne ma da na tafi.”

Daga nan ya yi min wankin babban bargo. Giya ashirin da ɗaya a titin da yake shimfiɗe kamar tabarma, me za a yi da su, ado? Bakwai sun isa, ita ma uku za ta riƙa amfani da su. Wancan mai sifirin a gaba da nake ta shafawa, a keke mai araha nauyi ne kawai da ƙara, ba dutse za ta hau ba. Birkin roba ya wadatar, kowane mai gyara a kowane lungu ya iya shi. Abin da zan duba shi ne ta zauna a miƙe bayanta bai sunkuya ba, sarƙa na da murfi don kada ta ci mata zane, tayoyi na da marufi don kada su watsa wa farar rigarta taɓo, da kariya, wato mazaunin kaya, a baya ta ɗaure jaka. Sai ya miƙe ya kutsa can ƙurya, ya turo wani kore, koren ganyen da ya sha ruwa, kansa miƙaƙƙe, tayarsa ba siririya ba ba ƙatuwa ba, ƙarfen tsakiyarsa ya sauko ƙasa yadda mai zane za ta haye ba tare da ta ɗaga ƙafa sama ba. Ya buga sirdin da tafin hannu ya ce: “Ga naku. Wannan ruwa biyu ne.”

Na ce a raina shi ke nan, kin kira tsohon nan a waya kin gaya masa komai. Ya ga fuskata ta sauya, na kasa ɓoyewa, na gaya masa cewa sunan da matata ta kira ni da shi ke nan ranar da za ta tafi. Ya yi dariya har da tari. Ya ce haka suke kiran irin wannan keken, don rabinsa na keken tsere ne, rabinsa na keken daji. “Amma kada ka raina shi, Malam. Wanda ya ƙera shi ya san titin da zai bi, ya ɗauko abin da yake so daga nan, ya ɗauko daga can, ya tsayar da magana. Kai ne dai har yanzu ba ka tsayar ba.”

Sai ya tambaye ni tsayinki, don ya ga ko keken zai yi miki. Ya hasken idona, ni da nake gane nauyin abu tun kafin ya hau sikeli, ban san tsayinki da lamba ba! Kunya kamar in nutse. Can sai hannuna ya tashi da kansa ya sauka a kan maɓalli na biyu na rigata. Na ce nan kanta yake tsayawa. Ai kin san wurin. Nan goshinki ke sauka duk sanda kika gaji, nan ya sauka ranar da aka yi mana rashin Baba, nan ya sauka ranar tankin ruwa kina haki kina dariya. Tsohon bai yi min ba'a ba a wannan karon. Ya ɗauko tef ɗinsa, ya auna daga ƙasa zuwa maɓallin, ya gyaɗa kai ya ce ya yi mata daidai.

Akwai wani ɗan hannu a ƙarƙashin sirdin, in an buɗe shi sirdin ya hau ko ya sauka, ba sai da sifana ba. Tsohon ya sa na hau, ya daidaita sirdin da ƙafata, ya ɗauko farin fenti ya ja layi a jikin sandar. Sannan ya sauke shi zuwa tsayinki ya ja layi na biyu. Layi biyu, tsakaninsu bai wuce faɗin yatsu huɗu ba, ɗaya nawa ɗaya naki. Na tsaya ina kallon su, idona ya ciko. Na ce na saya. Ban taya wani ba, ban ce bari in je in dawo ba, ban ce bari in ga na shagon gaba ba. Kuma ki ji abin mamaki: har yanzu da nake rubuta miki wannan takarda ban san nauyinsa ba. Sikelin yana rataye a shago yana kallona, ni ma ina kallon sa, ban saƙala keken ba.

Kwana uku ke nan kullum da safe ina bin hanyarki. In fita ta ƙofar baya, in wuce gidan burodi daidai lokacin da suke fito da tire na farko, in bi ta gaban makaranta kafin iyaye su cika titi da motoci, in kauce wa murfin kwatar nan da ya karkace a kwanar shagon wanki, in rage gudu a tudun kwalta guda ɗaya da ke gaban asibitin yara, sai ga koren allon kantinku. Minti goma sha biyu! Minti goma sha biyu, sanyin raina, abin da kike yi a arba'in da biyar da ƙafa mai ciwo! In tsaya a tsallaken titi in kalli kantar da kike tsayawa, in ga wata a wurin, in juya. Giya ta huɗu ta fi daɗi a hanyar. Birkin baya yana ɗan kuka, tsohon ya ce sabunta ce, zai daina. Ƙararrawar tana da zaƙin murya, amma ban cika kaɗa ta ba, na bar miki.

Abu ɗaya ne ban yi ba, ban ɗaga sirdin ba. Yana nan a kan alamarki tun daga shago. Haka nake tuƙa shi, ƙato da ni, gwiwoyina na neman taɓa haɓata, ina tafe kamar kwaɗo a kan murfin tukunya. Unguwa ta samu abin kallo. Mai gidan burodi ya ce in mayar wa yarinyar da na ƙwace wa kekenta. Matar mai wanki ta leƙo ta taga tana tafa hannu. Innata da ta zo jiya ta gan ni na shigo a haka, ta riƙe baki ta ce: “Wannan kuma wace sabuwar wahala ce ka ɗora wa kanka? Ai sai ka rubuta mata, ba ka tsaya kana karya gwiwa a titi ba.” Tsohon mai keke ma ya tare ni ya ce in buɗe ɗan hannun nan in ɗaga, daƙiƙa biyu ne, in ba haka ba zan kwanta ciwon gwiwa. Na ce masa na sani. Gwiwar kuwa tana ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma duk sanda na kai hannu zan ɗaga, sai in ji kamar na yarda ke nan ba za ki dawo ba, sai in janye hannun.

To ga amsar tambayar da kika yi min a bakin gado, ta makara da kwana goma sha ɗaya. Ki tsaya. Kada ki sa hannu. Ina son ki a gidan nan, ina son rigarki a ƙugiyarta, ina son jin ƙarar makullinki ƙarfe uku da 'yan mintoci, ina son faɗanki da safe a kan kofin da na bari a baranda. Ina son ki so mai karkata, wanda allurarsa ta faɗi gefe ɗaya ta ƙi tashi. Kin ga wannan baƙin wurin da na murje da biro a ƙasan layin nan? Hannuna ne ya fara rubuta “amma idan kin ga”, don ya saba. Na soke shi. Ban sake takarda ba don ki gani da idonki.

Ban jahilci abin da nake roƙon ki bari ba. Can reshen sabo ne, ke za ki zama babba, ga kujera, ga iska mai sanyi, ga Yaya kusa. Nan kuwa tsohuwar kanta ce, da miji mai jan ƙafa, da keke mai araha. Idan kika dawo, kin yi min alherin da ban cancanta ba, kuma na san da haka. Ba zan ce na zama wani sabon mutum a kwana uku ba, ƙarya ke nan, gobe ma za ki iya kama ni ina juya tumatir biyu a hannu na rasa na ɗauka. Amma na yi miki alkawari, duk ranar da kika sake tambayata abin da nake so, za ki ji shi da baki ɗaya, ko da zai jawo mana faɗa. Faɗa da ke ya fi min wannan shirun sau dubu.

Akwai motar da ke isowa tasha ranar Asabar ƙarfe huɗu na yamma. Zan tsaya a bakin ƙofar fita, gefen mai sayar da jarida, da koren keke a hannu, na goge shi, na buga masa iska. Ki miƙo min jakarki, ki ɗaure mayafinki a ƙugu, ki haye. Babu abin da za ki gyara, sirdin yana inda ya kamata. Ki wuce gaba abinki, ni zan biyo ki a ƙasa da kayanki, kuma na rantse ba zan ce a hankali ba ko sau ɗaya.

In kuma motar ta iso babu ke, zan jira ta ƙarfe shida. In ita ma babu ke, zan hau in koma gida da gwiwata a haɓa, unguwa ta ci gaba da dariya, Lahadi in sake dawowa.

Naki ke kaɗai, yau da gobe da iyakar kwanakin da Allah ya ara min, wanda ya gama aune-aune ya zaɓa,

Mijinki, Mai Sikeli